Mai Ludayi a Makarantar Busan

Shekara goma sha tara ina riƙe da ludayi
a makarantar nan da ke kallon tashar jiragen ruwa.
Ba a tambayar mai rabon shinkafa ra'ayinta,
sai dai kunne ba shi da marfi.

Malam Pyo Deok-su, furfura har gira,
ya ce tarbiyya daga gwiwa take farawa:
yaro ya rusuna tun bai san dalili ba,
ya karɓi kwano da hannu biyu,
ya share ajin da ba shi ya ɓata ba.
"Jiki ya fara koya," in ji shi,
"zuciya za ta biyo sawu kamar maraƙi bayan uwa."

Malama Marit Oosterhuis daga Holan ta zo,
da kekenta da buhun tambayoyi.
Takan jera kujeru da'ira,
ta dubi 'yan shekara goma ta ce: "Don me?
Wa ya faɗa? In ba mai kallo fa?"
Ladabin da bai san dalilinsa ba, a wurinta,
kayan aro ne, ba ya rufe katara.

Shayinsu kan huce a kan tebur.
Ya ce tana yi wa yara kaifi ba ta yi musu kube ba.
Ta ce yana kiwon masu sunkuyar da kai,
waɗanda gobe azzalumi zai samu a ɗaure.
Ni dai ina goge tire.

Wata Laraba ana ruwa,
gilashin kifin aji biyar ya tarwatse.
Kifi bakwai suna mutsu-mutsu ƙarƙashin benci,
yara ashirin da shida, baki a ɗinke.
Malam Pyo ya raba musu tsumma duka:
laifin ɗaya, nauyin kowa.
Malama Marit ta yi ja har kunne,
wai wanda bai ci nanin ba
don me nanin za ta ci shi?

Da azahar Gu Bong-hui ce ƙarshen layi,
safarta jiƙe, tirenta na rawa.
Ta ce, murya can ƙasa:
"Inna, in na faɗa, na ci amanar aboki.
In na yi shiru, na ci amanar gaskiya.
Wacce ta fi ɗaci?"
Ban yi karatun da zai amsa wannan ba.
Na ƙara mata miyar ganyen teku, ludayi guda da rabi.

Ta taga na ga sauran.
Ta je ta sami Min Tae-ung bayan wurin ajiye takalma,
yaron da aka ce saura masa laifi ɗaya a kira ubansa.
Ban ji me ta ce ba.
Na dai ga ta karɓi jakarsa ta rataya a kan tata,
ta raka shi har ƙofar ofis,
ta tsaya waje, ruwa na ɗiga daga indararo.
A ciki ya rusuna har goshi ya kusa gwiwa,
sannan ya ɗago ya faɗi dalili:
ƙaramin kifin ne ya kife ciki sama,
ya hau kujera zai ceto shi.

Da yamma kowa ya ja yarinyar gefensa.
"Ka gani? Da kanta ta yi tunani."
"Kin gani? Ba ta bar ɗan'uwa shi kaɗai ba."
Har aka kashe fitila suna yi,
ba wanda ya tuna ya tambaye ta.

Ni na san kakarta, mai sayar da busasshen kifi a bakin tasha,
wadda ba ta taɓa danne sikeli da yatsa ba.
Ban ce daga nan ne ba. Ban sani ba.

Washegari Bong-hui ta ture wata a layi
saboda soyayyen ƙwai na ƙarshe.
Na buga ludayi a tukunya sau biyu.
Ta koma baya tana ƙunƙuni,
ta miƙo tire da hannu biyu,
ta ce, "Amma don me?"